Kamun ƙafa a Majalisar Dokokin Amurka domin tura ɗan'adam sararin samaniya

0. Gabatarwa

Ranar 23 ga watan Yuni na shekarar 1993, Majalisar Wakilan Amurka ta kaɗa ƙuri'a a kan shawarar da ɗan majalisa Tim Roemer na jihar Indiyana ya gabatar, wadda ke neman a soke shirin gina tashar sararin samaniya. Masu son a soke suka samu ƙuri'a 215, masu son a ci gaba suka samu 216. Watau tashar nan da mutane ke zaune a cikinta ba yankewa tun watan Nuwamba na 2000, da ƙuri'a ɗaya tak ta tsira.

Mai hange daga nesa yakan ɗauka cewa tura ɗan'adam sararin samaniya sha'ani ne na injiniyoyi da masana kimiyya kaɗai. Amma a Amurka, kafin roka ta tashi sai kuɗi sun fito, kuɗin kuwa majalisa ce ke fitar da su, shekara bayan shekara. Sabili da haka ne aka samu ƙungiyoyi da yawa waɗanda aikinsu shi ne zarya a ofisoshin ƴan majalisa don kada a rufe famfon. A cikin wannan ƙasida za mu duba ko su wane ne waɗannan ƙungiyoyi, da yadda suke haɗa kai, da irin hujjojin da suke kawowa. Abin da muke son nunawa shi ne: ƙarfinsu ya dogara ga iya juya buri guda, watau zuwa wata ko duniyar Mars, ya koma maganar da ɗan majalisa ke ji, ta ayyukan yi a mazaɓarsa da ta martabar ƙasa. Wannan dabara ta ceci shirye-shirye da dama, kuma ita ce ta sa wasunsu suka yi tsada da jinkiri.

1. Kalmomin aiki

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi uku.

Ta farko ita ce «kamun ƙafa». A Hausa, mai kamun ƙafa yana neman alfarma ne wurin babba, sau da yawa ta hannun wani na kusa da shi, kuma ba a bainar jama'a ba. Abin da Faransanci ke kira «groupe de pression» a tsarin Amurka ya ɗan sha bamban. Gyara na farko da aka yi wa tsarin mulkin ƙasar a 1791 ya bai wa kowa ƴancin kai koke ga hukuma, kuma wata doka ta 1995 ta wajabta wa masu yin wannan aiki a matsayin sana'a su yi rajista, su faɗi wanda suke yi wa aiki, da batun da suke bi, da kuɗin da aka biya su. Za mu riƙe kalmar Hausa saboda ita ce ta fi kusa, amma mai karatu ya cire mata ma'anar ɓoye.

Ta biyu ita ce «ƙawancen manufa», wadda muke ba da shawara a madadin «coalition de cause». Masanin siyasa Paul Sabatier ne ya tsara wannan ra'ayi a 1988. A ganinsa, masu tura wata manufa ba sa zaune a ƙungiya guda: akwai su cikin ma'aikatun gwamnati, da majalisa, da kamfanoni, da jami'o'i, da gidajen jarida. Abin da ya haɗa su shi ne aƙida guda a kan muhimmin batu, da kuma aiki tare na tsawon shekaru goma ko fiye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta uku ita ce «tafiyar ɗan'adam» (vol habité), watau harba kumbo da mutane a ciki. Dole a bambanta ta da harba tauraron ɗan'adam ko kumbon bincike wanda ba kowa a cikinsa. Dukansu suna ƙarƙashin hukumar NASA, amma magoya bayansu ba ɗaya ba ne, kuma sukan yi takara a kan akushi guda.

2. Inda kuɗin ke fitowa

An kafa NASA a 1958, shekara guda bayan Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik. Bayan Yuri Gagarin ya kewaya duniya a watan Afrilu na 1961, shugaba Kennedy ya je gaban majalisa ranar 25 ga Mayu ya nemi kuɗin kai mutum wata. A tsakiyar shekarun 1960 rabon NASA ya haura kashi 4 cikin 100 na kasafin gwamnatin tarayya. Daga nan ya yi ta sauka. A 2024 hukumar ta samu kusan dala miliyar 25, abin da bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba.

Majalisar Amurka zaure biyu ce: ta Wakilai mai kujeru 435, waɗanda ake zaɓa duk shekara 2, da ta Dattawa mai kujeru 100, biyu daga kowace jiha, na tsawon shekara 6. Shugaban ƙasa shawarar kasafi kawai yake kawowa. Majalisa na aiki a mataki biyu: akwai dokar da ke ba da izni ta ce a yi shiri kaza, akwai kuma dokar da ke fitar da kuɗin, wadda ake sabuntawa kowace shekara, shekarar kuɗi kuwa tana farawa ranar 1 ga Oktoba. Izni ba tare da kuɗi ba, takarda ce kawai. Alal misali, a watan Yuli na 1989 shugaba Bush uba ya yi shelar komawa wata da zuwa Mars. Da aka ƙiyasta kuɗin, aka ga za su kai wajen dala miliyar 500 cikin shekaru masu yawa, majalisa ta ƙi sakin su, shirin ya mutu.

Abubuwa uku ne suka sa NASA ke buƙatar masu yi mata magana. Na ɗaya, kuɗinta suna cikin ƙunshi guda da na ma'aikatar shari'a, da na kasuwanci, da na hukumar tallafa wa binciken kimiyya. Ƙaramin kwamiti guda ne a kowane zaure ke raba wannan ƙunshi, don haka dalar da ta tafi ga roka, an hana ta ga gidajen kaso ko hasashen yanayi. Kafin 2005 ma, da kuɗin tsofaffin sojoji da na gidajen talakawa take takara.

Na biyu, jama'a na son hukumar, amma ba su ɗauki tafiyar ɗan'adam da gaggawa ba. Masanin tarihi Roger Launius ya nuna cewa a shekarun 1960 mafi yawan Amurkawa ba su ga shirin Apollo ya cancanci kuɗin da ake kashe masa ba, in ban da lokacin saukar farko a watan Yuli na 1969. A binciken jin ra'ayi da cibiyar Pew ta yi a 2023, kashi 60 cikin 100 sun ce sa ido kan duwatsun sama masu iya faɗowa duniya ya kamata ya zama cikin manyan ayyukan NASA, kashi 50 sun ce lura da yanayi, amma kashi 12 kaɗai suka faɗi haka game da tura mutum wata, kashi 11 game da Mars.

Na uku, wata doka ta 1919 ta hana hukumomin gwamnati amfani da kuɗin baitulmali wajen zuga jama'a su matsa wa majalisa. Shugabannin NASA na iya ba da bahasi gaban kwamiti, amma ba su da ikon shirya gangami. Wannan giɓi ne ƙungiyoyi ke cikewa.

3. Su wane ne ƴan ƙawancen

3.1. Masu sha'awa

Bayan an soke tafiye-tafiye uku na ƙarshe na Apollo a 1970, kuma shirin ya ƙare a watan Disamba na 1972, masu sha'awar abin suka fahimci cewa sai sun tashi tsaye. A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa ƙungiyoyi biyu: National Space Institute, ƙarƙashin jagorancin injiniyan roka Wernher von Braun, da L5 Society, wadda ta ginu a kan ra'ayin masanin kimiyya Gerard O'Neill na kafa matsugunan mutane a sararin samaniya. Suka haɗe a 1987 suka zama National Space Society. A 1980 Carl Sagan da abokansa biyu suka kafa Planetary Society, wadda ta fi karkata ga binciken kimiyya. A 1998 Robert Zubrin ya kafa Mars Society. Waɗannan ƙungiyoyi da kuɗin mambobi da gudummawa suke rayuwa. Dokar haraji ta yarda irinsu su yi kamun ƙafa daidai gwargwado, amma ta hana su goyon bayan ɗan takara. Jarinsu shi ne mutane masu katin zaɓe.

3.2. Kamfanoni

NASA ba ta ƙera mafi yawan kayanta da kanta, kwangila take bayarwa. Manyan kamfanoni irin su Boeing, da Lockheed Martin, da Northrop Grumman suna da ofisoshi a Washinton da ƙwararrun masu kamun ƙafa, kuma ma'aikatansu na da asusun tallafa wa ƴan takara. Suna kuma taruwa a ƙungiyoyin sana'a. Ɗaya daga ciki, Coalition for Deep Space Exploration, ta haɗa manyan ƴan kwangila da ƙananan masana'antun da ke kawo musu kaya. Sababbin kamfanoni masu son gwamnati ta riƙa sayen sufuri a wurinsu kamar fasinja, su ma sun kafa tasu ƙungiyar a tsakiyar shekarun 2000.

3.3. Garuruwa

Rukuni na uku shi ne garuruwan da cibiyoyin NASA suke. Tun farko siyasa na da hannu a zaɓensu. Lokacin da aka zaɓi Houston ta jihar Teksas a 1961 don ta zama cibiyar ƴan sama jannati, mataimakin shugaban ƙasa, Lyndon Johnson, ɗan Teksas ne, kuma shugaban ƙaramin kwamitin da ke riƙe da kuɗin NASA a Majalisar Wakilai, Albert Thomas, wakilin Houston ne. Akwai kuma Huntsville ta jihar Alabama inda ake tsara rokoki, da gaɓar tekun Fulorida inda ake harbawa. Ƴan kasuwa da shugabannin waɗannan wurare suna da ƙungiya mai suna Citizens for Space Exploration, wadda kan kai ayari Washinton tare da ɗaliban jami'a daga jihohi daban-daban.

3.4. Haɗuwar rukunonin

A ranar 1 ga Fabrairu na 2003 kumbon Columbia ya tarwatse yana dawowa, mutum 7 suka mutu. A watan Janairu na 2004 shugaba Bush ɗa ya yi shelar sabon shiri na komawa wata. Don kada abin da ya faru a 1989 ya maimaitu, ƙungiyoyin masu sha'awa da na sana'a suka kafa gamayya mai suna Space Exploration Alliance a wannan shekara, kuma suka shiga kai ziyarar taron dangi majalisa. A ƙarshen 2004 NASA ta samu cikakken kuɗin da aka nema mata, wajen dala miliyar 16. Sai dai a lura: wanda ya tsaya kai da fata a kan haka shi ne Tom DeLay, jagoran masu rinjaye a Majalisar Wakilai, ɗan yankin Houston. Ƙawance na aiki sosai idan yana da nasa mutum a cikin zaure.

4. Yadda ake aikin

Tsarin ziyarar kusan ɗaya ne a dukan ƙungiyoyin. Masu sa kai su biya wa kansu kuɗin tafiya, a yi musu horo na yini guda, a raba su ƙananan tawagogi, a ba kowace tawaga takarda mai shafi ɗaya ko biyu ɗauke da buƙatu ƙayyadaddu. Galibi ba ɗan majalisar suke gani ba, sai wani matashin ma'aikacinsa mai kula da batun, na minti 15 ko 20. Ana ƙoƙari kowace tawaga ta ƙunshi mutumin mazaɓar, domin ofis ya fi sauraren mai ƙuri'a. Bayan wannan akwai wasiƙun haɗin gwiwa, da rubutu a jaridu, da gayyatar ƴan majalisa kallon harba roka. An taɓa wuce nan ma: sanata Jake Garn, shugaban ƙaramin kwamitin kuɗin NASA, ya shiga kumbo a 1985, ɗan majalisa Bill Nelson na Fulorida ya bi bayansa a watan Janairu na 1986.

Idan muka dubi abin da ake faɗa a waɗannan ganawa, za mu ga hujjoji huɗu suna ta dawowa, kuma kowace da wanda ake nufi da ita.

(a) Ayyukan yi. A lokacin Apollo, mutum wajen 400,000 ne suka yi aiki a kamfanoni da jami'o'i kusan 20,000. Tun daga nan aka koyi darasin watsa kwangila ko'ina. Rahoton da NASA ta fitar a 2024 ya ce ayyukanta sun motsa fiye da dala miliyar 75 a tattalin arziki, sun kuma tallafi ayyukan yi wajen 300,000 a dukan jihohi 50. Ana rarraba irin wannan lissafi jiha-jiha, don kowane ɗan majalisa ya ga nasa.

(b) Martaba da gasa. Da Sobiyet aka yi tsere a da. Tun da Sin ta tura ɗan sama jannatinta na farko a 2003, ta kammala tasharta a 2022, ta kuma bayyana niyyar sauke mutum a wata kafin 2030, sunanta ne ya maye gurbin. Wannan hujja ta fi tasiri ga masu kula da tsaro.

(c) Ilmi da tarbiyyar matasa: cewa shirin na jawo yara ga lissafi da kimiyya. Dalilin tafiya da ɗalibai ke nan.

(d) Makomar ɗan'adam. Ana kamanta sararin samaniya da yammacin Amurka na ƙarni na 19, watau sabon daji da za a sara a zauna. Wannan ita ce hujjar da ta fi motsa zukatan masu sa kai, amma ita ce mafi rauni a ofishin mai raba kuɗi.

Abin lura ga mai nazarin magana shi ne: hujjar da ke kawo mutum Washinton daban take da wadda yake furtawa in ya iso. Ya zo ne saboda Mars, amma an horar da shi ya yi maganar masana'antar da ke garinsu. Ƙawance tafinta ne tsakanin masu buri da masu ƙuri'a, kuma kamar kowace fassara, wani abu yakan salwanta a hanya.

5. Misalai uku

5.1. Tasha, 1993

Shugaba Reagan ya ba da umurnin gina tashar a 1984, bisa ƙiyasin dala miliyar 8. Zuwa 1993 kuɗin da aka kashe wajen zane da sake zane sun zarce haka, ba a harba ko ƙusa ba. Masana da dama, har da ƙungiyar masana fiziya ta Amurka, sun ce amfaninta ga kimiyya bai kai kuɗinta ba. Abin da ya riƙe ta shi ne kwangilolinta sun bazu a mafi yawan jihohi, sannan a ƙarshen shekarar aka shigo da Rasha cikin aikin, ta koma kayan hulɗar ƙasashen waje. Kwatanci mai amfani shi ne wata katafariyar na'urar binciken ƙwayoyin zarra da ake haƙa wa rami mai kewayen kilomita 87 a Teksas. Manyan masana na goyon bayanta, an kashe mata wajen dala miliyar 2, amma majalisa ta soke ta a watan Oktoba na wannan shekara. Ana kallonta a matsayin aikin jiha guda, ba ta kuma samu manyan abokan tarayya daga waje ba.

5.2. Babbar roka, 2010

Shirin komawa wata na 2004, mai suna Constellation, bai samu isassun kuɗi ba, kamar yadda kwamitin Norman Augustine ya tabbatar a 2009. A watan Fabrairu na 2010 shugaba Obama ya nemi a soke shi, a bar wa kamfanoni masu zaman kansu jigilar mutane zuwa tasha. Nan ƙawancen ya rabu biyu. Tsofaffin ƴan kwangila, da garuruwan cibiyoyi, da wasu jaruman Apollo irin su Neil Armstrong da Gene Cernan, waɗanda suka ba da bahasi a Majalisar Dattawa, suka yi adawa. Sababbin kamfanoni da wani sashe na masu sha'awa suka goyi baya.

Sulhun da aka yi shi ne dokar Oktoba 2010, wadda sanata Bill Nelson na Fulorida da sanata Kay Bailey Hutchison ta Teksas suka jagoranta, ɗaya daga kowace jam'iyya. Dokar ta umurci NASA ta ƙera babbar roka mai suna SLS, ta yi amfani da kwangiloli da ma'aikatan da ke akwai gwargwadon iko, kuma ta kasance a shirye kafin ƙarshen 2016. Taswirar aikin ta bi taswirar siyasa: ana tsarawa a Alabama, jihar sanata Richard Shelby wanda a lokacin yake da ƙarfi a kwamitin kuɗi, ana haɗa gangar jikin a Luwiziyana, ana gwada injuna a Misisipi, rokokin gefe na fitowa daga Yuta, ana harbawa daga Fulorida. Har masu suka suka yi mata laƙabi da rokar Majalisar Dattawa. Ba ta tashi ba sai a watan Nuwamba na 2022, kuma a wannan shekara babban mai binciken NASA ya shaida wa majalisa cewa kowace harbawa cikin huɗun farko, haɗe da kumbon Orion da kayan ƙasa, za ta ci dala miliyar 4 da miliyan 100.

A ɗaya gefen, an yi wa jigilar kamfanoni ƙwauro. A kasafin 2012 an nemi dala miliyan 850, majalisa ta ba da miliyan 406. Daga watan Yuli na 2011, lokacin da aka ajiye tsofaffin kumbunan Amurka, har zuwa watan Mayu na 2020 da kamfanin SpaceX ya kai mutane tasha, Amurka kujera take saye a kumbon Rasha, kuɗin kujera ɗaya har ya haura dala miliyan 80.

5.3. Kasafin 2025

A watan Mayu na 2025 gwamnatin shugaba Trump ta ba da shawarar rage kuɗin NASA da wajen kashi 24 cikin 100, a rage na sashen kimiyya da kusan rabi, a daina amfani da SLS da Orion bayan tafiya ta uku ta shirin Artemis na komawa wata, a kuma soke ƙaramar tashar Gateway da aka yi niyyar kafawa kusa da wata. Kafin wata biyu su cika, sanata Ted Cruz na Teksas, ɗan jam'iyyar shugaban, ya saka kusan dala miliyar 10 cikin wata babbar doka da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli: miliyar 4 da miliyan 100 don rokokin tafiya ta huɗu da ta biyar, miliyar 2 da miliyan 600 don Gateway, har da miliyan 85 don ɗaukar wani tsohon kumbo zuwa Houston a ajiye shi wurin nuni. Mafi yawan kuɗin sun tafi ga shirye-shiryen ɗan'adam da cibiyoyinsu. Masu kare sashen kimiyya sai da suka shirya nasu gangami daban, wanda Planetary Society ta jagoranta a Washinton a watan Oktoba.

6. Abin da tsarin ke jawowa

Masanin tattalin arziki Mancur Olson ya bayyana a 1965 dalilin da ya sa ƙaramin rukuni mai babbar moriya ke rinjayar babban taro wanda kowa a cikinsa asararsa kaɗan ce. Mai biyan haraji a Amurka ba zai tashi zuwa Washinton saboda ƴan dalolin da roka ke ci daga aljihunsa ba, amma garin da masana'anta ke ciyarwa zai tashi. Daga nan sakamako uku ke fitowa.

Na farko alheri ne: ɗorewa. Aikin da ke ɗaukar shekara 15 ba zai yiwu ba idan kowane sabon shugaba zai rushe na wanda ya gada. Ƙawancen ne ya sa tashar ta ratsa gwamnatoci da yawa na jam'iyyu biyu.

Na biyu shi ne taurin tsari. Idan kwangila ta zama dalilin shiri, sauya hanya na wuya ko da an samu mai rahusa. Shekaru da dama doka ta tilasta a harba kumbon bincike Europa Clipper da rokar SLS. Da aka janye sharaɗin, an harba shi a watan Oktoba na 2024 da rokar SpaceX a kan kwangilar dala miliyan 178. A nan ne ake yi wa masu sa kai tambaya mai nauyi: shin ba su ne ke riƙe da ƙaho ba, wasu na tatsa? Amsarsu ita ce roka mai tsada ta fi babu. Masu suka kuwa na cewa da kuɗin nan da tuni an yi nisa.

Na uku ya shafi waɗanda ba su da ƙuri'a a Amurka. A watan Disamba na 1979 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar wata, wadda ta ce albarkatunsa gadon dukan bil'adama ne, kuma a yi la'akari da ƙasashe masu tasowa wajen rabon amfaninsu. Ƙungiyar L5 ta ɗauki lauya a Washinton, ta yi kamun ƙafa a Majalisar Dattawa don kada a karɓe ta. Amurka ba ta sa hannu ba, kuma ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar ba su kai 20 ba. A 2015 majalisa ta yi dokar da ta bai wa Amurkawa mallakar abin da suka haƙo a sararin samaniya, a 2020 kuma aka fito da ƙa'idojin Artemis, waɗanda Najeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa wa hannu a watan Disamba na 2022. Ke nan wata ƙaramar ƙungiya ta taimaka wajen karkata dokar da ta shafi kowa.

7. Kammalawa

Mun ga cewa a Amurka tafiyar ɗan'adam sararin samaniya ba ta samun kuɗi don yawan masu sonta, sai don tsarin masu kare ta: masu sha'awa na kawo ƙuri'a da kyakkyawar fuska, kamfanoni na kawo kuɗi da ƙwarewa, garuruwa na kawo ƴan majalisa. Duk wanda ya karanta shelar sabon shiri daga Washinton, yana da kyau ya yi tambaya uku: wane kwamiti ne zai saki kuɗin, a waɗanne jihohi za a kashe su, kuma da wace hujja aka sayar da shirin? Bisa tsarin da NASA ta bayyana a 2022, tashar da ta tsira a 1993 za ta yi aiki har zuwa 2030, kuma a 2024 an ba SpaceX kwangilar ƙera kumbon da zai sauko da ita cikin teku. Abin da zai gaje ta, da wanda zai gina shi, a waɗannan ƙananan kwamitoci biyu na majalisa za a yanke kuɗinsa.